Mafarki da Aikin Farke: Mafarin Labarun Robert Louis Stevenson

Duk malamin da ya taɓa koyar da ƙagen labari a makarantar horon malamai ya san wata amsa da ɗalibai su kan bayar in an ce su rubuta labari na kansu. Wani ya ce shi ba shi da baiwa, wani ya ce yana jira abin ya zo masa. Wannan amsa tana da tushe mai nisa. Larabawan jahiliyya sun ɗauka kowane sha'iri yana da aljaninsa mai raɗa masa baitoci, har su kan ambaci wani kwari mai suna Abƙar, su ce can ne mazaunin aljanun nan. A ƙasar Hausa ma in makaɗi ya gawurta, ba a rasa mai cewa aljanu ke ba shi waƙa. To, in fasaha kyauta ce da a ke kawo wa mutum daga ɓoye, ina amfanin malami, ina kuma amfanin darasi?

Nufin wannan takarda shi ne a duba tambayar nan ta hanyar rayuwar marubuci guda, watau Robert Louis Stevenson, mutumin Sikotilan, wanda ya rayu daga 1850 zuwa 1894. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, da bakinsa ya ce a cikin barci a ke kawo masa waɗansu labarunsa, sa'an nan ya bar bayani filla-filla game da abin da mafarki ya ba shi da abin da ya yi da hannunsa a farke. Ba kowane marubuci ne ya bar irin wannan lissafi ba. In muka bi shi sannu a hankali, za mu ga iyakar rabon kowanne.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Stevenson a Edinbara, babban birnin Sikotilan, ran 13 ga Nuwamba, 1850. Gidansu gidan injiniyoyi ne, sana'arsu gina hasumiyoyin fitila a gaɓar teku domin jiragen ruwa su kauce wa duwatsu da dare. Kakansa ne ya gina hasumiyar Bell Rock, wadda aka fara kunna fitilarta a 1811, mahaifinsa Thomas kuma ya gaji aikin. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, ya kuwa taso da raunin ƙirji, tari da zazzaɓi ba su barinsa ya sake, balle in sanyi ya shigo. Sabo da haka ya yi kwanaki masu yawa na ƙuruciyarsa a kan gado.

Wadda ta yi renonsa, Alison Cunningham, mace ce mai tsananin riƙon addinin Kirista, mai yawan tunatarwa game da zunubi da azabar wuta. Ita ce ta riƙa karanta masa Baibul, da labarun mutanen Sikotilan da aka kashe kan addini a ƙarni na 17, ta haɗa masa da na fatalwa. In tari ya hana shi barci, ta kan ɗauke shi ta kai shi taga, su duba gidajen da fitilarsu ba ta mutu ba, su riƙa cewa watakila a can ma wani yaro ne marar lafiya ke jiran gari ya waye. Bai manta da ita ba, gama ita ya sadaukar wa littafinsa na waƙoƙin yara a 1885.

A ɗakin nan nasa akwai wani kabad, aikin wani kafinta mai suna William Brodie. Shi Brodie da rana shugaban kafintocin Edinbara ne, kuma ɗan majalisar gari, ana ganin girmansa. Da dare kuwa ɗan caca ne, ɓarawo, mai kwaikwayon makullan gidajen da aka kira shi aiki. Asirinsa ya tonu, aka rataye shi a 1788. Yaron ya tashi yana duban kabad ɗin nan, yana jin labarin maƙerinsa mai fuska biyu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Tun a lokacin mafarkai suka fara damunsa. Ya ce akwai wani irin launi ƙasa-ƙasa wanda a farke bai dame shi ba, amma a mafarki ya kan firgita shi ƙwarai. Wani dare ya ga an ce ya haɗiye duniya duk da mutanenta, ya farka yana kururuwa. Wani dare kuma ya ga an tsai da shi gaban kursiyin hisabi, an ce ya karanto waɗansu kalmomi waɗanda makomarsa ta rataya a kansu, harshensa ya ɗaure, haddar ta ɓace. Shi da kansa ya gane asalin wannan na ƙarshe, watau tsoron bitar makaranta ne ya gauraya da tsoron wuta. Ashe tun yana ƙarami mafarkinsa da kayan rana ya ke gini.

Yadda ya koyi sana'ar

Yana da shekara 6 ya shibta wa mahaifiyarsa tarihin Annabi Musa, ta rubuta. A 1866 mahaifinsa ya biya aka buga masa wani ɗan littafi na tarihin ƙasarsu. Ya shiga Jami'ar Edinbara a 1867 domin koyon aikin injiniya, amma a 1871 ya gaya wa uban shi rubutu ya ke so. Suka daidaita a kan ya karanta shari'a tukuna, ya zama lauya a 1875, bai kuwa ci abinci da lauyancin ba.

Mutanen da suka san shi a shekarun nan malalaci suka ɗauke shi. Alhali kuwa aiki ya ke yi, sai dai ba irin wanda a ke gani ba. Kullum da littafi biyu a aljihunsa, ɗaya na karatu, ɗaya na rubutu. In yana tafiya ya kan nemi kalmomin da suka dace da abin da idonsa ya gani, in ya zauna a bakin hanya ya rubuta su. In ya karanta wani wuri da ya burge shi a littafin wani gwani, sai ya zauna ya gwada yin irinsa. Ya kasa, ya sake, ya kuma kasa. Ya kwatanta kansa da biri mai naci wajen kwaikwayo, ya lissafa waɗanda ya kwaikwaya, har da Hazlitt da Lamb da Defoe da Montaigne. Ra'ayinsa shi ne, babu wata hanyar koyon rubutu sai wannan, kuma daga yawan kwaikwayon gwanaye dabam-dabam ne mutum ya kan sami muryar kansa.

Labarin littafinsa Treasure Island, watau Tsibirin Dukiya, ya isa misali. A 1881 yana zaune da iyalinsa a Braemar, cikin tsaunukan Sikotilan, ruwan sama ya tsare su a gida. Yana taya agolansa Lloyd Osbourne wasa da fenti, sai ya zana taswirar wani tsibiri. Ya ce da ya ƙura wa taswirar ido sai mutanen labarin suka fara bayyana masa a tsakanin itatuwan da ya zana. Ya kama rubutu, babi guda kowace rana, in an ci abinci ya karanta wa mutanen gida. Mahaifinsa ya shiga cikin aikin, har ya lissafa kayan da za a samu a akwatin tsohon ɗan fashin teku Billy Bones. Kwana 15, babi 15, sa'an nan rijiyar ta ƙafe, ko kalma ya kasa ƙarawa. Sai da ya koma Davos, a ƙasar Suwizalan, wurin jinyar ƙirji, kana abin ya dawo ya ƙarasa. An fara buga labarin kashi-kashi a wata mujallar yara, ya fito a littafi a 1883, aka biya shi fam 100.

Da ya waiwayi littafin a 1894, bai ɓoye bashin da ya ci ba. Ya ce akun nan na Defoe ne, ƙwarangwal na Poe, kafin da aka fake a ciki na Marryat, Billy Bones da akwatinsa kuma daga Washington Irving suka fito, ko da ya ke lokacin da ya ke rubutun bai lura ba, ya ɗauka duk nasa ne. Long John Silver, ɗan fashi mai ƙafa ɗaya, daga abokinsa W. E. Henley ya siffanta shi, wanda aka yanke wa ƙafa amma ƙarfin halinsa bai ragu ba. Watau mutanen da suka fito daga taswira ba daga sama suka faɗo ba. Karatunsa ne da abokansa suka komo masa cikin wata kama.

'Yan aikin dare

A Janairu 1888 ya buga wata maƙala game da mafarki a mujallar Scribner ta Amurka. Da fari ya ba da labarin kamar na wani mutum ne da ya sani, can ƙarshe ya amsa cewa shi ne. A ciki ya faɗi wani abu da ya same shi yana ɗalibi. Sai ya fara mafarki mai ci gaba, na yau ya ɗora daga inda na jiya ya tsaya, har ya zama yana da rayuwa biyu. A rayuwar barci ya kan yini a ɗakin fiɗa yana kallon abubuwa masu ta da hankali. Da magariba ya fito cikin ruwan sama, ya shiga wani dogon bene inda ya ɗauka can ƙoli ya ke kwana. Ya kwana yana hawan matakala da jiƙaƙƙun tufafi, mutane suna saukowa suna gogarsa, bai taɓa kaiwa ba sai gari ya waye, ya koma ɗakin fiɗa. Baƙin cikin mafarkin ya kan yini tare da shi a farke. Da ya fara tsoron hankalinsa zai taɓu, ya tafi wurin likita, aka ba shi wani magani na sha, abin ya yanke.

Da rubutu ya zama hanyar cin abincinsa, sai mafarkan suka sake hali, suka koma labaru masu fari da tsakiya da ƙarshe. A tatsuniyoyin Sikotilan akwai waɗansu 'yan ƙananan aljanun gida da a ke kira Brownies, waɗanda a ke cewa su kan fito da dare su yi wa masu gida shara da sauran aikace-aikace. Sunansu ya ara ya ba masu shirya masa mafarki, ya ce suna da ɗan dandalin wasa a cikin kansa. Ya kuma lura da wani abu mai ban dariya, watau in wasiƙun banki suka fara zuwa, mahauci kuma ya fara sallama a ƙofar baya yana bin bashi, a sa'an nan ne su kan fi himma.

Ga misalin da ya fi ba shi mamaki. Ya yi mafarki shi ɗan wani mugun attajiri ne, sun yi faɗa da uban a wani fili mai rairayi a bakin teku, ya buge shi ya mutu, ba wanda ya gani. Ya gaji dukiya, ya zauna gida ɗaya da amaryar uban, yarinya. A hankali ya gane tana zarginsa. Ya bi sawunta har wurin da abin ya faru, ya gan ta ta tsinci shaidar da za ta kai shi ga igiya. Ta ɓoye shaidar cikin kayan adonta, ba ta tona ba, ba ta kuma ce masa kome ba. Kullum suna cin abinci tare, tsoro yana cinsa. Ran nan haƙurinsa ya ƙare, ya tambaye ta dalilin da ta ke gana masa wannan azaba. Sai ta durƙusa ta ce sonsa ta ke yi. Ya farka cike da mamaki, domin har lokacin da ta buɗe baki bai san dalilinta ba, alhali an jera kowane mataki na labarin domin a kai ga wannan ƙarshe. Wa ya ɓoye masa sirrin, in shi ne mai ƙagawa? Duk da haka bai rubuta labarin ba, gama da ya auna shi a farke ya ga ba zai karɓu ga masu karatu ba. Hukunci yana hannun na farke.

Likita Jekyll da Hyde

Littafin da ya sa maganar mafarkinsa ta shahara shi ne Strange Case of Dr Jekyll and Mr Hyde. Labarin wani likita ne mai mutunci a Landan, wanda ya haɗa wani magani mai juya shi ya zama wani mutum dabam, mugu, domin ya yi abin da ransa ke so ba tare da sunansa ya ɓaci ba. Daga baya rikiɗar ta fi ƙarfinsa, ta riƙa zuwa ba da izininsa ba, har ta hallaka shi.

A kakar 1885 Stevenson yana Bournemouth, a kudancin Ingila, ba shi da lafiya, kuɗi kuma sun yi masa wuya. Ya kwana biyu yana neman labarin da zai sayar. A dare na biyu ya yi mafarkin. Matarsa Fanny ta ce kururuwarsa ta ji ta tashe shi, ya yi fushi don ta katse masa kyakkyawan labarin ban tsoro. Iyalinsa sun ba da labari cewa cikin kwana uku ya rubuta na fari, matar ta ce ya yi labarin tsoro kawai ya bar ma'anar da ke ciki, ya jefa takardun a wuta, ya sake sabo cikin waɗansu kwana uku. Wannan shi ne abin da ya bazu a duniya. Amma a wata wasiƙa ta 1886 shi da kansa ya ce daga tunanin labarin, da rubuta shi, da sake rubuta shi har sau biyu, zuwa buga shi, wajen mako 10 aka yi. Littafin ya fito a Janairu 1886 a kan sule guda, aka sayar da wajen 40,000 a Ingila cikin wata 6.

To, me mafarkin ya bayar? Bisa ga lissafinsa, kaɗan ne. Akwai wurin da aka hangi likita a taga, rikiɗar ta fara kama shi. Akwai wurin da Hyde, ana binsa sabo da wani laifi, ya sha garin magani ya rikiɗa a gaban masu binsa. Sai kuma ainihin tunanin nan na rikiɗar ganin dama da ta koma ta dole. Sauran duka a farke ya yi su: lauya Utterson mai bincike, da titunan Landan, da wasiyya, da dabarar ɓoye gaskiyar har sai an kai ga wasiƙu biyu na ƙarshe. Ya ce ma'anar labarin ma tasa ce, domin 'yan aikin daren ba ruwansu da wa'azi.

Sa'an nan batun mutum mai fuska biyu ba a daren nan ya fara zo masa ba. Ga kabad ɗin Brodie tun ƙuruciya. Ga wasan kwaikwayo a kan Brodie da suka rubuta shi da Henley, aka buga a 1880. Ga wani malamin Faransanci da ya sani a Edinbara, Eugene Chantrelle, mutum mai fara'a a idon jama'a, wanda aka rataye a 1878 sabo da ya kashe matarsa da guba. Ga kuma wani labari da ya riga ya rubuta a kan wannan batu, bai gamsu da shi ba, ya ƙone. Shekara da shekaru yana neman jikin da zai sa wa tunanin nan. Mafarki ya kawo makulli, amma ƙofar ta daɗe da ginuwa.

Kwanakin Samowa

Neman lafiya ya kai shi tekun Pasifik a 1888. A ƙarshen 1889 ya isa Samowa, ya sayi fili fiye da eka 300 a tsibirin Upolu, kusa da garin Apia, ya gina gida mai suna Vailima. Mutanen ƙasar suka sa masa suna Tusitala, watau mai rubuta labaru. Can ma tsarinsa bai sake ba. Ya kan tashi da asuba, ya kama rubutu tun da sassafe har hantsi ya ɗaga. Da hannunsa ya fara ciwo, agolarsa Isobel Strong ta zama magatakardarsa, yana shibta tana rubutawa. A 1893 ciwo ya tsananta aka hana shi magana, sai ya koma shibta da baƙaƙen yatsu irin na kurame. A shekarar nan ya rubuta wa George Meredith cewa shekara 14 ke nan bai sami yini guda na cikakkiyar lafiya ba, amma a kwance da a zaune, cikin tari da zubar jini, bai ajiye alƙalami ba.

Abubuwan ban tsoro ba su rabu da shi ba. Ya kan shiga kurmi shi kaɗai da adda yana sassabe, ya kuwa faɗa wa abokinsa Sidney Colvin a wasiƙa cewa wani irin firgici ya kan rufe shi a can, sabo da shirun wurin da yadda tsire-tsire ke shaƙe juna. Mutanen Samowa kuma sun gaskata akwai iskoki a kurmin, suna kiransu aitu. A 1891 aka buga labarinsa The Bottle Imp cikin harshen Samowa a wata jaridar mishan. Labarin wata kwalba ce mai aljani a ciki, mai biya wa mai ita kowace bukata, amma wanda ya mutu tana hannunsa wuta zai shiga, ba ta kuma sayuwa sai a kan kuɗin da ya gaza wanda aka saye ta. Waɗansu baƙin da suka ga girman gidansa sai suka riƙa tambaya a hankali ina kwalbar ta ke. Ga shi nan, yadda a ke jingina wa makaɗa aljanu haka aka jingina masa, alhali asalin labarin wani tsohon wasan kwaikwayo ne na Landan wanda shi ma daga tatsuniyar Jamus aka ɗauko shi.

A Yuli 1892 ya aika wa F. W. H. Myers, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar binciken al'amuran ruhi a Landan a 1882, bayanin abin da ya kan ji cikin zazzaɓi. Ya ce hankalinsa ya kan rabu biyu. Ɗaya ya ƙago wa ciwon dalili na shirme, kamar wani dare a Sidni da ya nace cewa zafin yana da alaƙa da rundunar jiragen ruwa. Ɗayan kuwa ya san shirme ne, yana ta faman danne shi. Abin lura shi ne, bai kira wannan aljani ba. Ya ɗauke shi wani sashe na kansa, ya rubuta shi yadda likita ke rubuta alamun cuta.

Ran 3 ga Disamba, 1894, ya yi aikin safe a kan littafinsa Weir of Hermiston. Da yamma yana taya matarsa haɗa abinci, sai ya dafe kai, ya tambaye ta ko fuskarsa ta sake. Ya faɗi, jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu a daren yana da shekara 44. Masu tarihinsa sun sha lura da cewa mawallafin Jekyll da tambayar rikiɗar fuska ya cika. Mutanen Samowa suka sare hanya zuwa ƙolin dutsen Vaea, suka binne shi can. Littafin bai ƙaru ba, yana nan inda ya tsaya.

Abin da za a fahimta

Malamanmu sun daɗe da kasa mafarki kashi uku, na ukun shi ne zancen zuci, watau abin da mutum ya yini yana saƙawa ya komo masa cikin barci. Mafarkan Stevenson a wannan kashi suka fi zama. Binciken zamani ma bai saɓa ba. A 1953 Aserinsky da Kleitman, a Jami'ar Shikago, suka gano wani mataki na barci wanda idanu ke motsi da sauri a cikinsa, a nan ne kuma a kan fi yin mafarki mai tsari. A 2004 waɗansu masana a Lubek, ƙasar Jamus, suka ba mutane wani aikin lissafi mai ɓoyayyar gajeriyar hanya. Waɗanda suka yi barci bayan sun gwada aikin sun fi waɗanda ba su yi ba gano hanyar, fiye da ninki biyu. Amma barcin bai amfani wanda bai fara taɓa aikin ba. Ƙwaƙwalwa tana aiki da dare, sai dai a kan abin da aka ba ta da rana.

Ba a musun baiwa. Yara da yawa sun yi jinya a Edinbara, sun ji labarin Brodie, ba su rubuta kome ba. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne gwargwado. Mafarki ya ba da wuri biyu ko uku, aikin farke ya ba da littafi, mafarkin kansa kuma karatu da naci na shekaru ne suka ciyar da shi. Muna da shaida irin wannan a gida. Da Abubakar Imam ya zo Zariya a 1936 domin rubuta Magana Jari Ce, littattafai ya tara a gabansa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya karanta, ya narka su, ya sake zuba su cikin Hausa har ba mai cewa baƙi ne.

Sabo da haka malami yana da abin yi. Ya sa ɗalibi ya yawaita karatu, ya kuma bar shi ya kwaikwayi gwanaye a fili ba da kunya ba, muddin an nuna masa bambancin kwaikwayo domin koyo da satar aikin wani. Ya sa shi ya riƙe ɗan littafin aljihu, ya riƙa rubuta abin da ya gani a kasuwa da tasha, da tatsuniyar da ya ji wurin kakarsa, har da mafarkinsa in ya farka. Ya yanka masa wa'adi, gama mun ga mahauci mai bin bashi ya fi kowa iya ta da 'yan aikin dare. In ya kawo rubutun fari, a duba a mayar masa ya sake, yadda aka yi wa Jekyll. Ɗalibin da ya ce yana jira abin ya zo masa, a gaya masa gaskiya ne abin ya kan zo, har a cikin barci, amma wurin wanda ya yini yana nemansa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.